Bayan An Watse Daga Jaje

 Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, muka ga ya kamata mu baje ta a faifai kowa ya gani. Maganar kuwa ita ce ta mutumin da aka zalunta a ƙasar nan: wanda aka fasa wa kanti, ko aka tare shi a hanya aka yi masa rauni, ko aka kashe masa ɗa. In an kama mai laifi, kowa ya san inda za a kai shi. Akwai ɗan sanda, akwai lauya, akwai alƙali, akwai gidan yari, kowanne da albashinsa. To, shi wanda aka cuta fa, wa aka ajiye dominsa, kuma da kuɗin wa?

Mu mutanen zongo ba baƙin wannan tambaya ba ne. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa suna komowa da goro, sun san 'yan fashi tun ba a yi ɗan sanda ba. In suka sauka a Salaga, ko Kumasi, ko Sabo ta Badun, kowane baƙo yana da maigidansa. Maigida shi ne masauki, shi ne mai lamuni, shi ne kuma mai tsaya wa baƙo ran da masifa ta auka masa. In ɓarayi suka kwashe kayan falke, maigida ne zai kama hannunsa ya kai shi gaban Sarkin Zongo, a bi sawu, a tambayi wanda ya gani. In kayan ba su fito ba, a yi karo-karo a tada masa jari, kada ya koma gida hannu rabbana. Ba a rubuta wannan a takarda ba, amma kowa ya san da shi, gama wanda ya ba da yau, gobe shi za a ba.

Malamanmu kuma sun karantar da mu hukuncin diyya. Ran mutum raƙumi 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, ga kuma ido da haƙori da yatsa, kowanne da tasa ƙimar. In kisan kuskure ne ba a ɗora wa mutum ɗaya, dangi ne ke haɗuwa su biya cikin shekara 3, in babu dangi a koma ga baitulmali. Watau shari'a ba ta tsaya ga horon mai laifi kaɗai ba, ta waiwayi gidan da aka yi wa ɓarna, ta ce a ba su abin da za su riƙe.

To, yau ga mu a Ingila. Zumunci bai mutu ba, amma lokaci ya yi masa ƙaranci. Wannan yana tuƙin tasi da dare, wancan yana gadi, waccan tana aikin kula da tsofaffi, mai kanti kuwa in ya rufe yini ɗaya, haya ba ta jiransa. Shekarun baya kaɗan, wani ɗan'uwanmu mai kantin kayan abinci yana cikin rufe ƙofa da dare, sai wasu samari biyu suka auka masa, suka karya masa hannu, suka kwashe cinikin yini. Da gari ya waye muka cika asibiti. Da aka sallame shi muka cika gidansa, mata suka kai abinci, aka yi addu'a, aka zaga da hula aka tara abin da ya sawwaƙa. Kwana uku gidan ba masaka tsinke. Ran na bakwai sai shi da iyalinsa. Ba laifin kowa ba ne, haka zaman ƙasar ya ke.

Amma ciwon da ke biyo bayan jaje ya fi na ranar farko tsawo. Hannu ya warke cikin wata biyu, barci kuwa ya ƙi komowa. In magariba ta gabato sai gabansa ya riƙa faɗuwa, ya rufe kanti tun da sauran rana, ciniki ya ja baya, bashin masu ba shi kaya ya hau kansa. Wasiƙu kuma suna ta zuwa da Turancin da ba na kasuwa ba, yana tara su cikin aljihun tebur. Wata 'yarmu mai karatun aikin jinya ita ta zauna ta karanta su ɗaya ɗaya, ta ga ashe tun makon farko an rubuto ana tambaya ko yana bukatar taimako. Ta buga waya, aka sa sunansa a layi, bayan 'yan makonni aka haɗa shi da wata ma'aikaciya. Matar nan ta taya shi cika takardar neman diyya, ta nema masa mai ba da shawara a kan firgitar nan, ran shari'a kuma aka sami wanda ya zauna kusa da shi. Ta roƙe shi kada ya ji haushi in ta yi jinkirin amsa waya, mutanen da ke hannunta suna da yawa. Daga nan muka fara tambayar kanmu: wannan taimako daga ina ya fito, wa ke biyansa, kuma me ya sa ma'aikatansa suka yi kaɗan haka?

Ga abin da muka samu. Da can a ƙasar nan, wanda aka yi wa rauni ba shi da wata hanya sai ya kai ƙarar wanda ya cuce shi ya nemi kuɗi, alhali galibin masu laifi ba su da ko anini. Wata mata mai suna Margery Fry, wadda ta taɓa riƙon gidan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Birmingham ɗin nan tamu, ita ta tsaya tsayin daka a kan maganar. A 1957 ta rubuta a jaridar Observer cewa ya kamata Gwamnati ta ɗauki nauyin biyan wanda aka raunata. Ta rasu a 1958, ba ta ga amfanin abin da ta shuka ba. Ƙasar Niyu Zilan ta fara yin doka a 1963, Birtaniya ta bi baya a watan Agusta 1964. Abin da dangi da baitulmali ke yi a wurinmu, a nan Gwamnati ta ce ita za ta yi da kuɗin haraji.

Hukumar da ke riƙe da wannan aiki yanzu ana kiranta CICA, ofishinta yana Gilasgo. Tana da jadawali, kowane irin rauni da kuɗinsa, kamar yadda mu ma muka sani a babin diyya. Bisa ga tsarin 2012, mafi ƙanƙanta fam 1,000 ne, iyakar abin da mutum ɗaya zai samu duka duka kuwa fam 500,000. In kisa aka yi, makusanci ɗaya, kamar mata ko miji ko mahaifi ko ɗa, ya kan sami fam 11,000, in sun fi ɗaya kowanne fam 5,500, ban da fam 2,500 na jana'iza. Ba sai an kama mai laifin ba, ba kuma sai an ɗauki lauya ba, neman kyauta ne. Amma akwai sharuɗɗa, kuma a nan mutanenmu ke faɗuwa. Na ɗaya, sai an kai ƙara wurin 'yan sanda da wuri, an kuma ba su haɗin kai. Na biyu, a nema kafin shekara 2 ta cika daga ranar da abin ya faru. Na uku, wanda shi kansa ke da hukuncin da bai goge ba, ana iya rage masa ko a hana shi. Na huɗu, tsarin na mazauna ƙasa ne da wasu da doka ta lissafa. Baƙon da ya zo daga Kano ko Kumasi sarin kaya na mako uku galibi bai shiga ba.

'Yan kasuwa su buɗe kunne a nan. Wannan diyya ta jiki ce da hankali, ba ta dukiya ba ce. In an fasa kanti an kwashe buhunan shinkafa da atamfofi, CICA ba ta biyan ko kwabo. Hanya biyu ce ta rage. Ta ɗaya, alƙali yana da iko ya umurci mai laifi ya biya, in an kama shi an same shi da laifi, amma sai an duba ƙarfinsa, mai yiwuwa a yanka masa 'yan fam kaɗan kowane mako. Ta biyu ita ce inshora, su kuwa kamfanonin inshora abin da za su fara tambaya shi ne lambar da 'yan sanda suka ba ƙarar, sa'an nan rasit na kaya. Wanda ke ciniki da ka, ba littafi ba rasit, ran nan zai sha wuya. Doka ta kuma yarda mai kanti ya rubuta irin ɓarnar da laifin ya yi wa sana'arsa, a gabatar wa kotu kafin a yanke hukunci.

Kuɗi kuma ba shi ne duka ba. A 1974 wasu mutane a birnin Bristol suka fara zuwa gidajen waɗanda aka yi wa sata ko duka, suna zama da su suna tambayar abin da su ke bukata. Jaje ke nan irin namu, sai dai su sun sa masa tsari da littafi. Daga nan ƙungiyar Victim Support ta tsiro. Ba reshen 'yan sanda ba ce, ba ta kuma tilasta wa kowa ya kai ƙara. Ko abin ya daɗe da faruwa, ko ba a gaya wa hukuma ba, tana saurara, kyauta, a asirce. Ban da ita akwai masu kula da matan da a ke duka a gida da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Birmingham and Solihull Women's Aid da RSVP a nan garin. A kotu kuma akwai masu tarbar shaidu, su nuna musu ɗakin shari'a tun kafin ranar, su zaunar da su nesa da dangin wanda a ke tuhuma.

A 2006 aka fara aiki da wata ƙa'ida ta haƙƙin wanda aka cuta, a watan Afrilu 2021 aka sake tsara ta zuwa haƙƙi 12. Ga waɗanda suka fi shafarmu. Haƙƙinka ne ka fahimta a kuma fahimce ka, watau in Turanci ya yi maka nauyi a kawo tafinta ba da kuɗinka ba. Haƙƙinka ne a rubuta ƙararka ba da jinkiri ba. Haƙƙinka ne a haɗa ka da masu taimako, a gaya maka hanyar diyya, a riƙa sanar da kai in an kama wani, ko an ba da belinsa, ko an rufe binciken. Haƙƙinka ne ka faɗi yadda abin ya taɓa rayuwarka, alƙali ya ji. In an tauye maka ɗaya daga cikin waɗannan, kana da ikon kai kuka. A watan Mayu 2024 Majalisa ta zartar da wata doka don ƙara wa wannan ƙa'ida ƙarfi. A takarda dai, ba abin da za a ce sai madalla.

Amma takarda ba ta buga waya, ba ta hawa bene ta ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum ke yi, mutum kuwa sai da albashi. Kuɗin yana fitowa daga Ma'aikatar Shari'a a Landan. Tun wajen 2014 zuwa 2015 a ke miƙa kaso mai yawa ga Kwamishinan 'Yan Sanda da Laifuffuka na kowane yanki, wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, shi kuma ya ba ƙungiyoyi kwangila. A yankinmu na West Midlands an zaɓi Simon Foster a 2021, aka sake zaɓensa a 2024. A Manchester tun 2017 wannan iko yana ofishin Magajin Gari. Wani sashe na kuɗin daga aljihun masu laifi ya ke fitowa: tun 2007 wanda kotu ta ci tara sai ya ƙara wani abu a kai domin waɗanda aka cuta, da fam 15 aka fara, a 2022 aka mai da shi kashi 40 cikin 100 na tarar. Sauran kuwa haraji ne, wanda mu ke biya a kan albashi, da riba, da man mota. Saboda haka wanda ya ce karɓar wannan taimako bara ce, bai yi lissafi da kyau ba. Adashi ne, mun daɗe muna zubi, ranar ɗauka ce ta zo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Daga 2010, da Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, 'yan sandan West Midlands sun rasa mutum sama da 2,000. An ɗauki sabbi daga baya, amma har 2024 ba su koma adadinsu na da ba, ga shi kuwa tsofaffin hannu sun tafi da gwanintarsu. A watan Nuwamba 2023 masu binciken aikin 'yan sanda suka sa rundunar ƙarƙashin sa ido na musamman, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne bincikenta ba ya kai waɗanda aka cuta ga biyan bukata. A 2024 aka ɗage mata bayan an ga gyara. 'Yan'uwanmu na Manchester sun riga mu ɗanɗana wannan. A watan Disamba 2020 aka gano rundunarsu ta bar laifi wajen 80,000 cikin shekara ɗaya ba ta rubuta ba, har shugabanta ya sauka. Ku duba fa, laifin da ba a rubuta ba, mai shi ba ya cikin lissafin kowa. Ba wasiƙa, ba diyya, ba mai zuwa.

Su ma ƙungiyoyin taimako ba su tsira ba. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 aka rage kashi 4.2 cikin 100 daga ainihin kuɗin da a ke ba Kwamishinoni domin wannan aiki, a daidai lokacin da harajin da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15. Ƙungiyar da galibin abin da ta ke kashewa albashi ne, in aka yi mata haka, ina za ta rage in ba mutane ba? In kwangila gajera ce kuma, ma'aikaciya ba ta san ko baɗi tana da aiki ba, sai ta sami wani wuri ta tafi, wanda ya saba da ita ya koma ba da labarinsa daga farko ga baƙuwar fuska. A ƙarshen 2025 Gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 550 cikin shekara 3. Muna maraba, amma alkawari sai an gan shi a ƙasa.

Majalisar Birnin Birmingham kuwa, a watan Satumba 2023 ta shelanta cewa kuɗinta ba za su iya biyan abin da ke kanta ba. Aka shiga yanke fam miliyan 300 cikin shekara 2, aka ƙara harajin gida wajen kashi 10 cikin 100 a 2024. Mu da ke Perry Barr kuwa, a 2022 muka ga duniya ta taru a nan wasannin ƙasashe renon Ingila. An kashe fam miliyan 72 wajen gyaran filin Alexander, an rushe gadar sama, an sake tashar jirgi, an gina gidaje domin 'yan wasa waɗanda ba ɗan wasa ko ɗaya da ya kwana ciki. Ba mu ƙi ci gaba ba, mun kuma yi ciniki a kwanakin nan. Abin da mu ke cewa shi ne, in manya suka so abu, kuɗi ya kan fito. Ashe maganar ba ta rashi kaɗai ba ce, ta wanda ya fi ɗaga murya ce.

Sai kuma jiran shari'a. A watan Satumba 2024 shari'un da ke jibge a manyan kotunan Ingila da Wales sun haura 73,000, adadin kuma ya ci gaba da hawa a 2025. Wani ya kan jira shekara biyu ko fi kafin a kira shi ba da shaida. In babu mai riƙe da hannunsa cikin wannan tsawon lokaci, sai ya gaji ya janye, mai laifi ya fita yana dariya. Dattawan da suka daɗe a unguwar nan ba su manta da asubahin ran 2 ga Janairu 2003 ba, sa'ad da aka buɗe wuta daga mota a Birchfield Road, a bakin wurin bikin sabuwar shekara, 'yan mata biyu suka rasu, ɗaya shekararta 17, ɗaya 18. Tsoro ya rufe bakin mutane. Sai da aka ɓoye sunan wasu shaidu da fuskokinsu kana aka sami hukunta mutum huɗu a 2005. Shari'a ba ta tsayawa sai da shaida, shaida kuwa ba ya tsayawa sai ya ga an tsaya masa.

Akwai mutum biyu a cikinmu da bakinsu ya fi na kowa nauyi. Ta farko ita ce matar da a ke duka a ɗakinta. Mun san darajar sulhu, dattawa sun kashe wuta da yawa wadda ba ta kai kotu ba, Allah ya saka musu. Amma in abu ya kai ga jini, ko shaƙe wuya, ko barazanar kisa, ya wuce zauren maigida. A kan tsorata ta da cewa in ta yi magana za a kore ta daga ƙasa, tun da a kan takardar miji ta zo. To, ta sani tun 2012 akwai rangwame: matar da ta zo da bizar aure, in zaman ya lalace saboda cutarwa, a kan ba ta izinin wata 3 da ikon samun taimakon Gwamnati, ta kuma nemi zama na kanta. Na biyu shi ne wanda takardunsa ba su cika ba. A nan ba za mu rufe ku ba: a 2020 masu bincike sun ba da shawara 'yan sanda su daina miƙa wa ofishin shige da fice labarin irin wannan mai ƙara, a 2021 Gwamnati ta ƙi gina wannan katanga. Saboda haka ya fara zuwa wurin ƙungiyar taimako ko lauyan da ya san harkar, ya ji matsayinsa. In kuwa rai ne ke cikin haɗari, a buga 999, sauran magana daga baya.

Wani dattijo zai ce, mu mutanen haƙuri ne, abin da ya sami mutum rubutacce ne, a bar wa Allah. Gaskiya ne, haƙuri maganin zaman duniya. Amma shari'ar da ta yi umurni da haƙuri ita ce ta ajiye diyya, ba su yi karo ba. Mutum yana iya yafewa a zuciyarsa, ya kuma karɓi abin da zai ciyar da 'ya'yansa ran da hannu ba ya aiki. Sa'an nan shirun mutum ɗaya ba shi kaɗai ya ke cuta ba. Ɓarawon da ya fasa kantin Alhaji jiya aka yi shiru, gobe kantin Hajiya zai nufa. Kuma masu raba kuɗi da ma'aikata da alƙaluma su ke aiki. In littafi ya nuna unguwa lafiya lau, kuma ba wanda ya taɓa neman tafintan Hausa, to, ba za a aiko ɗan sanda ba, ba kuwa za a nemi tafinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma in bai faɗa ba, mai gyara ba zai hau ba.

Saboda haka ga shawararmu, dattawa su duba su gyara. Ta farko, duk wanda abu ya sama, a kai ƙara ran nan, 999 in ana cikin haɗari, 101 in abin ya wuce, a karɓi lambar ƙara a rubuta ta wuri biyu. A ɗauki hoton rauni da na ɓarna, a je wurin likita ko da raunin ya yi kama da ƙarami, gama takardar likita ita ce shaida ran neman diyya. Wanda ya ga abu amma yana tsoron a san shi, akwai Crimestoppers, ba su tambayar suna.

Ta biyu, ƙungiyarmu ta naɗa mutum huɗu a Birmingham, maza biyu mata biyu, haka nan a Manchester, masu jin Turanci da riƙon asiri, su tsaya a matsayin maigida na wannan zamani. Aikinsu ba ranar jaje ba ne, ranar jaje akwai jama'a. Aikinsu daga mako na biyu ne: karanta wasiƙu, raka mutum ofis da kotu, tuna masa kafin shekara 2 ta cika, da leƙa shi bayan wata uku, bayan wata shida. Kuɗin motarsu ya fito daga asusu.

Ta uku, samarinmu da 'yan matanmu da suka yi karatu a nan, mu ƙarfafa su su shiga wannan aiki, ko na sa kai ko na albashi, su kuma yi jarrabawar tafinta. Tsohuwar da aka fizge wa jaka, in ta ji an ce mata, “Sannu, Inna, ina ya ke miki ciwo?” da harshenta, rabin firgitar ta tafi.

Ta huɗu, mu fita taro. Kwamishina ya kan nemi ra'ayin jama'a kafin ya tsai da kasonsa na harajin gida, kansiloli suna zama da mutanen unguwa, wakilin Perry Barr a Majalisar Landan kuma, Ayoub Khan, wanda aka zaɓa a 2024, ƙofarsa ta jama'a ce. Mu je da tambaya uku a rubuce: ma'aikata nawa ke kula da waɗanda aka cuta a yankinmu, mako nawa mutum ke jira, kuma kwangilarsu ta shekara nawa ce. A 2025 Gwamnati ta ba da sanarwa za ta soke kujerar Kwamishina a 2028. To, ko wa ya gaji aikin, tambayoyin nan uku su bi shi. Kada wani ya ce ƙuri'armu ba ta da yawa. Da ratar ƙuri'a 507 kacal aka ci zaɓen Perry Barr na 2024.

Kakanninmu ba su jira Gwamna ya tsara musu zongo ba, ba su kuma ƙi zuwa gaban Sarki neman haƙƙinsu ba, biyun suka haɗa. Mu ma mu riƙe jaje da gudummawa kada mu sake su, gama ba ofishin da zai kai wa mutum tuwo da miyar kuka. Mu kuma ƙwanƙwasa ƙofar da harajinmu ya gina, in an buɗe mu gode, in ba kowa a ciki mu tambayi dalili. Za a kawo wannan magana a taronmu mai zuwa. Wanda ke da gyara ko ƙari ya zo da shi, wanda kuma ya yarda a sa sunansa cikin mutum huɗun nan ya gaya wa magatakarda.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu da 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin. Haza wassalam.